Gwaggo da Wayar Bayan Labule

Ranar sadakar ukun Gwaggo gidanmu na unguwar Fegge a Anacha ya kasa ɗaukar jama'a. Mata sun cika tsakar gida, sun cika baranda, sun cika babban ɗakin da Gwaggo ke koyarwa, har wasu suka shimfiɗa tabarma a lungu. Motar mutanen unguwar Uwani ta iso daga Inugu tun da hantsi. Ta Fatakwal sai bayan azahar ta shigo, matan suna mita wai hanya ta karya musu ƙugu. Maƙwabciyarmu 'yar Ibo mai sayar da garin rogo ta faɗo gidan tana "Ndo, ndo," wato sannu a yarensu, ta zube a ƙasa ta ɓarke da kuka mai ƙarfi irin nasu, sai da innata ta dafa ta tana lallashinta da Ibo.

Bayan an shafa addu'a, wata Hajiya da ke da shago a kasuwar Creek Road ta gyara zama ta fara jawabi. Ta ce ita ce ɗalibar Gwaggo ta farko, ta ce ita ta fi kowa sanin marigayiya. Da ganin yadda ta ɗauko zancen an san ba yanzu za ta sauke ba. Sai wata yarinya daga can baya, wadda ko wata shida ba ta yi a aji ba, ta ce, "Hajiya, ai daga ƙarama ake farawa."

Sai ɗakin ya kwashe da dariya, ana yi ana share hawaye. Hajiyar ma ta rufe baki da gefen mayafi ta ce, "Wallahi gaskiyarki. Da tana nan da ta buga mini tebur." Haka kuwa aka yi. Ba wanda ya tsara, aka fara daga yarinyar aka zagayo, kowace ta faɗi abu ɗaya game da Gwaggo, ba mai katse wata. Wata ta ce Gwaggo ta goya mata jariri zango guda don ta sami hannun riƙe fensir. Wata ta ce an taɓa korar ta daga aji saboda ta yi wa wata dariya. Wata ta ce ita dai yanzu tana karanta takardar asibitin 'ya'yanta da kanta.

Da aka zo kaina na buɗe baki. Ni da ake cewa bakina ba ya hutawa, na kasa cewa ko uffan, aka wuce ni. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta nawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo ta tafi da safiyar Litinin, bayan jinyar kwana tara, tana da shekara saba'in da 'yan kai.

Yayar babana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A nan Anacha aka haife ta, lokacin da kakanmu ke sauke albasa a bakin kogi. Ibo a bakinta kamar ruwa, in tana ciniki a kasuwa sai mai kaya ta leƙa cikin hijabin ta tabbatar. Arewa kuwa zuwanta bai fi a ƙirga ba, kuma duk dawowa sai ta yi ƙorafin ba su iya miyar kifi ba. Mijinta ya rasu da wuri, ba ta sake aure ba. Ta buɗe makarantar matan aure a barandar gidan gado da tabarma biyu: karatun addini, karatun boko, da lissafi. Tabarau ɗinta ɗaure yake da zare, ta ƙi a canza mata shi. Akwai bulala rataye a bango wadda ba a taɓa sauke ta ba sai in za a share yana. Ni a hannunta na tashi, da na gama karatu na dawo ina taya ta koyarwa, muna yi muna faɗa.

Tana da wata magana da take yawan yi mini: "Ɗalibarki ba za ta ce miki ba ta so ba. Za ta durƙusa ta ce sai gobe, goben kuma ba za ki gan ta ba." Saboda haka ta ƙirƙiro abin da take kira zagaye. Duk ƙarshen zango a rufe littattafai, ta yi tambaya ɗaya tak: me za a gyara a makarantar nan? A yi shiru na ɗan lokaci kowa ta yi tunani. Sannan a fara daga wadda ta zo a baya-bayan nan, kowace ta faɗi abu ɗaya. Ba a katse mutum, ba a cewa "ni ma abin da ta faɗa," kuma malama ba ta mayar da martani sai bayan kwana bakwai. In an gama a jera kwanoni, kowane kwano da maganarsa, a ba kowace ɗaliba ƙwayar wake uku ta jefa inda ta ga ya fi muhimmanci. Da waken nan aka sauya lokacin karatu, da shi aka haƙa sabon banɗaki.

Amma waken yana da aibi, kuma ta sani. Kowa na kallon hannun kowa. In matar babban ɗan kasuwa ta jefa nata a kwano na biyu, sai ka ga wake na ruwa a kwano na biyu. Sannan a duk shekarun nan ba a taɓa samun kwanon da ke ɗauke da laifin Gwaggo ba. Wa za ta dubi tsabar idonta ta faɗa?

Sai ga shi samarin ƙauyukan Arewa da ke aikin ƙarfi a kasuwannin bakin kogi sun fara kawo matansu. Masu tura baro, masu ga-ruwa, masu yankan farce, 'yan okada masu haya da babur. Gwaggo ta bi su ɗaki ɗaki tana roƙon mazajen su bar matan su zo karatu. Suka zo da yawa, har baranda ta yi kaɗan, aka koma babban ɗaki. Zango biyu ana haka, sai suka fara zamewa. Yau babu wannan, jibi babu waccan. In ka je gida a ce ciwon kai, ko wanki ya yi yawa. A zagaye kuwa waɗanda suka rage ba sa cewa komai sai "a ƙara fanka."

Babana ya ga ɗaki ya yi fili. Ya same ta ya ce, "Yaya, waɗanda suka rage ai baranda za ta ɗauke su. Albasata na ruɓewa a ruwan sama, ki ba ni ɗakin nan."

Ta ce, "Ba ni lokaci zuwa Babbar Sallah. In ban dawo da su ba, kawo albasarka, ni zan taya ka jerawa." Ni na san in ɗakin ya tafi, ba zai dawo ba, kuma matan da suka tafi ba za su sami inda za su dawo ba.

A nan na shigo da wayata. Gwaggo ba ta yarda da waya ba, akwatin gulma take kiranta, wai abin da ke sa mutum dariya shi kaɗai ba abin arziki ba ne. Na yi mata bayani cewa akwai fom da ake haɗawa a waya, mutum ya amsa ba a san shi ba, wayar ta tattara amsoshin ta ƙirga. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Ba a san shi ba? To gwada mu gani."

Na haɗa fom da tambayarta guda ɗaya, na tura wa duk lambobin da ke cikin rajista, ina ta hura hanci. Ni da aka haifa a unguwar nan, na manta cewa yawancin lambobin na mazaje ne. Amsa ta farko ta ce, "Matata ba ta da wata matsala, Allah ya saka da alheri." Ta biyu ta ce, "Don Allah a riƙa tashinsu da wuri, abinci yana makara." Ta uku tambaya ce: "Wannan na tallafi ne?" Da na karanta wa Gwaggo ta yi dariya har tabarau ya zame. Ta ce, "Madalla. Yau mun ji ra'ayin ɗalibanki masu gemu."

Na ji haushi, na ce a bar zancen. Ita kuwa a lokacin ne abin ya fara shiga ranta. Ta ce waya ɗaya za a yi amfani da ita, tawa, a rataye labule a kusurwar aji, kowace ta shiga ita kaɗai. Wadda ba ta iya rubutu ba ta yi magana, wayar ta naɗa. Na ce, "Gwaggo, ai ko tari ɗaya daga cikinsu ta yi kin san ta. Ni ma haka."

Ta ɗan juya carbi. Can ta ce, "To a nemo kunnen da bai san su ba." Akwai tsohuwar ɗalibarta da aure ya kai Uwani, ta buɗe irin makarantarmu a can. Gwaggo ta sa na kira ta. Aka shirya cewa duk muryar da aka naɗa a bayan labule za ta tafi Uwani kai tsaye, a goge ta daga wayata a gaban mai ita. Malamar can ta saurara, ta rubuto maganar ba suna, kuma ta mayar da ita Hausar kowa da kowa, don in aka bar ta yadda ta fito za a gane wannan mutuniyar Sakkwato ce, waccan ta Haɗeja. Mu kuma mu riƙa sauraron na ɗalibanta. Daga baya makarantar Fatakwal ta shigo, ya zama namu na zuwa Inugu, na Inugu na zuwa Fatakwal, na Fatakwal na zuwa mana. Har yau haka ake yi, kuma ina alfaharin cewa a ɗakin nan namu aka fara.

Aka rataye labule, aka shiga ɗaya bayan ɗaya. Washegari malamar Uwani ta kira tana dariya. Ta ce, "Gwaggo, ɗalibanki duk sun gaishe ki. Sun tambayi ƙafarki, sun yi wa iyayenki addu'a, wata ta ce Allah ya kai ki Makka sau goma. Ko ɗaya ba ta ce a gyara komai ba."

Na ce, "Kin gani ko? Mutanen nan ba za su taɓa magana ba."

Gwaggo ta ce, "Ke ce dai ba ki da wayo. Kin tura mace ta shiga ta faɗi laifin malamarta ba ko ina kwana? Wace tarbiyya ce wannan?" Ta ce a raba abin biyu. Kowace ta fara naɗar gaisuwa, wannan ta Gwaggo ce, za ta saurara da kanta kuma za ta amsa. Sai ta naɗi ta biyu, wannan ce za ta tafi Uwani. Sannan ta ce in ɗauki wayar in bi waɗanda suka daina zuwa har ɗakunansu, domin su ne ke riƙe da amsar. Kwana biyu ina hawa okada cikin taɓo, in miƙa waya in fito waje in tsaya kamar mai gadi. Mata ashirin da biyu suka yi magana, na aji da na gida.

Da gaisuwa ta sami wurin zamanta, sai magana ta fito. Ranar Alhamis da la'asar jerin ya iso daga Uwani, kowace magana da lambarta. Akwai fanka, ba a fasa ba. Akwai mai cewa in an yi barkwanci da Ibo ko turancin kasuwa aka yi dariya, su baƙi sai su ga kamar da su ake. Akwai mai cewa ana saurin goge allo. Ina karantawa ina gyaɗa kai, har na zo ta tara:

"Gwaggo tana kiran wasu Hajiya, wasu Maman wane. Mu kuma matar mai baro, matar mai ruwa, matar mai yankan farce. In ta kira haka sai aji ya juyo yana kallo. Mijina ne ke wannan aiki, kuma shi ma ba da shi aka haife shi ba. Ni ma ranar sunana an yanka rago kamar kowa. Gwaggo ba ta san sunayenmu ba."

Raina ya ɓaci sosai. Matar da ta bi su ɗaki ɗaki, ta goya musu 'ya'ya, ba ta karɓar ko sisi, ita za a ce wa haka? Na sa yatsa na goge ta tara, na gyara lambobin.

Ranar Asabar da safe, kafin ɗalibai su zo, na zauna ina karanta mata jerin. Idonta a rufe, tana jan carbi. Ashe ƙirgawa take yi. Da na ce shi ke nan, ta buɗe ido.

"Ashirin da biyu suka yi magana. Ashirin da ɗaya kika karanto."

Na ce, "Wasu sun yi kama da juna, sai na haɗe."

"Tun yaushe kike haɗewa? Aji ke haɗewa, a gaban kowa. Ina ɗayar?"

Na ce, "Gwaggo, rashin kunya ce kawai. Kina koyar da su kyauta, sakayyar ke nan?"

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "Au, don ina koyarwa kyauta na sayi bakinsu ke nan? Yarinya ta yarda da labulen nan, ta yarda da ni, ta faɗi abin da ke cinta, ke kuma kin zauna a tsakani kina tacewa. To me ya raba ki da mazajen da suka amsa musu fom? In kin san tausayina za ki ji, ajiye wayar ki koma ɗakin mijinki. Karanto mini."

Na nemo ta daga saƙon Uwani na karanta cikin haushi da kunya. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Sannan ta tambayi lambar. Na ce tara. Ta ce, "Mayar da ita tara."

A aji ma da bakina na karanta. Kafin in kai ƙarshe wata daga cikin matan manyan 'yan kasuwa ta miƙe. "Haba! Wace ce wannan? Na wa o! Gwaggo za a..." Gwaggo ta buga tebur da tafin hannu. Ta ce, "Hajiya, ba a neman mai magana, maganar ake dubawa. Zauna." Aka tattauna kowace lamba har kowa ta fahimta, aka haɗe masu kama da juna. Sannan aka koma bayan labule, kowace ta danna lamba uku da suka fi damunta. Lamba kam ba wadda ba ta sani ba, ko wadda ba ta iya rubuta sunanta ba tana kiran waya. Da rana na kai wa na gida su ma suka danna.

Washegari na zana sakamakon a allo kamar yadda wayar ta nuna. Layin lamba tara ya fi kowane tsawo, ya wuce na fanka nesa. Da na duba yawan ƙuri'un sai na ga ba baƙi kaɗai suka zaɓe ta ba, dole da 'yan gari a ciki, irin waɗanda da wake ne da ba za su kusanci kwanon ba. Gwaggo ta matso dab da allo ta duba, ta ce, "Na ji. Sai Asabar." Ta ɗauki alli ta ci gaba da lissafi kamar ba ita aka yi wa ba.

A ɗaki ne ta faɗa mini dalilinta. Ta ce ita a tarbiyyar da ta tashi, kiran matar aure da gundarin sunanta raini ne. Wadda ta je Makka a ce Hajiya, mai ɗa a ce Maman wane. Waɗannan kuwa yawancinsu amare ne, ba Makka ba ɗa, sai ta laƙaba musu aikin mazajensu, a ganinta mutunci take ba su. Na ce, "To ki faɗa musu haka mana, ai za su gane."

Ta ce, "In na yi bayani, su za su koma ba ni haƙuri. Ba haƙurinsu nake nema ba."

Sunayen suna cikin rajista, amma idonta ba ya ganin ƙaramin rubutu, kuma so take ta haɗa suna da mai shi. Sai ta sake tura ni. Kowace ta naɗo gaisuwa, ta faɗi sunanta da garinsu. Waɗanda suka daina zuwa kuma in ce musu Gwaggo na roƙon su zo ranar Asabar, sau ɗaya, in sun ga dama. Matar da ke cewa akwatin gulma ta wuni satin nan da waya a kunne. Tana tsintar shinkafa tana maimaita suna, tana alwala tana maimaitawa. In ta rikice ta ce, "Mayar mini baya," in mayar. Har ta koyi dannawa da kanta, da ƙarfi, kamar mai kashe kuɗin cizo.

Ranar Laraba muna zaune sai na ga ta cire wayar daga kunne ta kife ta a kan tabarma. Na ɗauka na saurara. Wata siririyar yarinya ce da mijinta ke tura baro a kasuwar bakin kogi, tana cikin waɗanda suka fara ɗauke ƙafa. Sunanta sunan 'yar farin Gwaggo ne. Ko da yarinyar na raye Gwaggo ba za ta faɗi sunan ba, don uwa ba ta kiran ɗan fari. Balle ga shi ƙyanda ta ɗauke ta tana shekara shida, tun ba a haife ni ba, kuma Gwaggo ba ta sake haihuwa ba. Tunda nake ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ko a darasin tarihin Musulunci in ta zo kansa sai ta kewaye.

Na ce, "Wannan mai sauƙi ce, Gwaggo. Ki ce mata mai sunan 'yata. Ba wanda zai ga laifinki, ita ma daɗi za ta ji." Ta tashi ta shiga ɗaki ta ja ƙofa.

Asabar ta zo da yayyafi. Saura kwana huɗu Sallah, babana har ya sa mota ta kawo buhunan albasa ƙofar gida, yana tsaye yana tsokanar yayarsa wai ya zo ta cika alkawarin taya shi jerawa. Ba ta ko dube shi ba. Ta jingina da ƙofar aji, ta ce kada kowa ta shiga sai an kira ta. 'Yan aji suka taru a baranda. Waɗanda suka daina zuwa kuwa sun zo, amma sun cure a bakin ƙofar gida, sun yafa leda a ka, kowace na tura 'yar'uwarta ta shige gaba.

Gwaggo ta ɗaga murya ta kira ta farko da sunanta da garinsu. Yarinyar ta waiga baya tana neman wadda ake kira, sai da aka zungure ta. Ta tako cikin ruwa ta zo ta durƙusa, Gwaggo ta ce, "Tashi, shiga, littafinki na nan inda kika bar shi." Ta kira ta biyu, ta kira ta uku. Ba takarda a hannunta, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Hajiyoyin ma da sunayensu ta kira su, suna shiga suna sunne kai suna dariya. Ina tsaye a gefenta ina jin kamar ƙirjina zai fashe don alfahari.

Aka zo saura mutum ɗaya a bakin ƙofa, siririyar nan, ruwa na ɗiga daga ledarta. Gwaggo ta buɗe baki ta rufe. Na ga hannunta ya damƙi katakon ƙofa. Na matsa zan raɗa mata abin da na ce ranar Laraba, ta ture ni da gwiwar hannu. Sai ta kira sunan, cikakke, da ƙarfi yadda har na lungu zai ji.

"Na'am, Gwaggo," in ji yarinyar. Ta cire ledar ta shigo, ba ta san abin da ya faru ba.

Babana ya sani. Yana tsaye kusa da motar, sai na ga ya juya mana baya ya daɗe yana kallon bango. Can ya ce wa direba, murya a dushe, "Mayar da kayan nan kasuwa."

Da aka tashi na same ta tana goge allo, ta goge wuri ɗaya ya fi sau biyar. Na ce, "Gwaggo, ai da kin bi shawarata."

Ta ce, "Sai ta zama ita kaɗai ce ba a kira ba? Nauyin sunan nawa ne. Ita ba ta yi mini komai ba." Ta miƙo mini tsumman ta ce in ƙarasa, za ta je ta ɗan kwanta.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya haɗa ta da 'yarta.